Ranar da Aka Ɗaure Bakin Usur

Tun ina ƙarama ba na son ƙara. A gidanmu kowa ya san haka, har ya zama abin tsokana: in faranti ya suɓuce wa wani a tsakar gida, kafin a ɗauki farantin sai an ce a duba ko na suma. Sai kuma Allah ya sa aka haife ni a gidan da ya fi kowane gida hayaniya a unguwarmu, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal ya sa shinkafa ba ta yankewa rani da damina. Baba yana da injin casa a jikin katangar gidanmu. A bayan injin akwai tukunyar tururi, wadda ma'aikata ke kira boila, da ita ake turara shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, kafin a shanya ta. Rugugin injin bai taɓa damuna ba, kunne yana sabawa da shi kamar yadda yake sabawa da ruwan sama a kan rufin kwano. Abin da na tsana shi ne usur.

Usur wani ɗan bawul ne a saman tukunyar, bai fi gwangwanin tumatir girma ba, da ɗan hannu na ƙarfe a gefensa. Aikinsa ɗaya ne. Idan tururi ya taru fiye da abin da tukunya za ta iya ɗauka, sai ya buɗe da kansa ya sake shi. Hakan yakan faru duk lokacin da aka rufe famfon tururi don a kwashe shinkafar da ta turaru a zuba wata, domin wutar buntun shinkafa da ake hurawa a murhu ba ta san an rufe famfo ba, ci kawai take yi. To a lokacin ne za ka ji shi. Ba huci ba ne irin na buta a kan wuta. Wata siririyar ƙara ce mai kaifi da ke shiga ta haƙora, ta sa kaji su watse, jarirai su farka, mai sallah ya manta raka'ar da yake. Ni kuwa sai in toshe kunnuwa da yatsu in duƙa, ko da ina tsakiyar cin tuwo, ƙannena suna ta dariya.

Yayana ne ke kula da tukunyar tun da ya gama sakandare. Mutum ne mai sanyin rai da yawan barkwanci, amma yana da hali guda da ke ba ni haushi tun muna yara: ba ya iya ce wa Baba a'a, ba ya ma iya tambayarsa me yake nufi. In Baba ya faɗi magana, Yaya zai ce to, ya tafi ya nemi hanyar da maganar za ta tabbata ko ta halin ƙaƙa. Ni kuwa sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma na ci moriyar sunan iyakar ci. Abin da Yaya ba zai iya faɗa a gabansa ba, ni sai in faɗa ina ɓarar gyaɗa.

Da na shiga jami'a karatun injiniya, ban taɓa zaton usur zai bi ni har can ba. Wata rana malaminmu ya haska mana hoton iskar da ke fita daga bayan jirgin yaƙi. Na yi tsammanin zan ga hayaƙi a miƙe ɗoɗar, sai na ga abu mai gaɓa-gaɓa kamar rake. Ya ce idan iska ta matsu ƙwarai ta fita ta ƙaramar kafa, gudunta yakan zarce gudun sauti, kuma ba ta fita salin-alin. Tana fitowa sai ta buɗe fiye da kima, iskar waje ta matse ta, ta sake buɗewa, a sake matse ta, su ne gaɓoɓin da muke gani. Gefenta kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, rawa yake yi yana nannaɗewa. Duk lokacin da nannaɗin ya bugi gaɓa sai ƙara ta tashi, ƙarar ta koma baya ta waje har bakin kafar, ta girgiza iskar da ke fitowa a lokacin, ita ma ta fara tata rawar. Haka abin ke ciyar da kansa har ya zama ƙara ɗaya siririya, wadda in ta daɗe takan gajiyar da ƙarfen jirgi ya tsage. Sai ya kunna mana sautin a lasifika. Kafin in ankara yatsuna suna cikin kunnuwana, ajin duka ya juyo yana kallona. Usur ɗinmu ne, ba ƙari ba ragi.

A wannan shekarar kuma aka koya mana abin da ke faruwa da tukunyar tururi idan ba ta sami inda za ta yi numfashi ba. Ba sai na ba da labarin hotunan da muka gani ba. Na dai koma gida hutu ina kallon tukunyarmu da wani ido daban. Tsohuwa ce, Baba ya saye ta ne daga wata masana'anta da ta rufe, kuma a gefenta akwai faci da mai walda ya yi mata tun ina firamare. Agogon da ke nuna ƙarfin tururi allurarsa takan maƙale, sai Yaya ya ƙwanƙwasa gilashin da bayan yatsa kafin ta motsa. Tun daga lokacin tsorona ya sauya wuri. Ina nan ina toshe kunne in usur ya yi kuka, amma a zuciyata hamdala nake yi. Wani lokaci in tsaya daga nesa, yatsu a kunne, ina leƙen bakinsa ko zan ga gaɓoɓin nan na hoto, ban taɓa ganin komai ba sai farin tururi.

Na zana wa Baba wani bututu mai faɗi, mai ramuka a ciki, da za a ɗora a bakin usur ya fitar da tururin ta saman rufi, ƙarar ta ragu ba tare da an taɓa bawul ɗin ba. Ya karɓi takardar ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce, "To Uwata, Allah ya yi albarka. Bari a gama girbi." A garinmu kuwa girbi ba ya ƙarewa, ana gama na rani na damina yana bakin ƙofa. Yaya ya samu abin tsokana. Duk wanda ya kawo shinkafa sai ya nuna masa tukunyar ya ce, "Ka yi a hankali malam, injiniyar gidanmu ta ce jirgin yaƙi ne, kowane lokaci zai iya tashi da mu zuwa Makka." Su yi ta dariya, ni in shige gida ina cika ina batsewa.

Mutum ɗaya ne a unguwar bai taɓa ƙorafi a kan usur ba, maƙwabcinmu da muke kira Baffa. Ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini, amininsa ne tun suna yara, kuma katangar gidansa ce ɗaya gefen wurin injin. Manomin albasa ne da tumatir, shekarun da ya yi a gindin injin ban-ruwa sun cinye masa kunne, sai an ɗaga murya sosai kafin ya ji. Yakan ce duk duniya usur ne kaɗai ke yi masa magana ba tare da ya ce "na'am?" ba. In ya yi kuka sai Baffa ya ɗago kai daga tabarmarsa ya ce, "An sauke tukunya," kamar wanda aka kawo wa albishir.

Baffa ya rasu wata safiya a tsakiyar zafin bazara, lokacin girbin shinkafar rani, ina gida saboda yajin aikin malamai. Kafin rana ta take an kai shi makwancinsa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, maza suka zauna karɓar gaisuwa, Baba a gaba-gaba kusa da 'ya'yan mamacin. Mata kuma muka cika tsakar gida wajen matarsa, wadda muke kira Gwaggo. A wajenmu in ana zaman makoki, maƙwabta sukan kashe duk abin da ke ƙara. Ba wanda ke sanarwa, kowa ya sani: mai injin markaɗe ya rufe, mai shago ya kashe rediyo, masu babur su kashe shi su tura in za su wuce ta gaban tabarmi. Baba ya sa an kashe injin casa tun da aka ji kuka daga gidan.

Sai dai akwai shinkafar da aka jiƙa tun jiya, tankuna cike, kuma yawancinta ta matan unguwa ce masu sana'ar shinkafa. Shanshera in ta jiƙu ba ta jira. In ba a turara ta a ranar ba, a wannan zafin sai ta yi tsami ta fara wari, ba mai saye ba mai ci. Ina tsaye da buta a hannu lokacin da Baba ya dawo daga maƙabarta ya shigo canza riga, na ji abin da ya ce wa Yaya a zaure.

"Ka turara musu kayansu, kada a cuci mutane. Amma kada in ji usur ɗin nan yau."

Yaya ya ce to. Idanun Baba sun yi ja, ban taɓa ganinsa haka ba, ba wanda zai ja magana da shi a lokacin. Na ɗauka, kamar yadda na tabbata Baba ma ya ɗauka, cewa za a rage wuta ne a yi aikin a hankali.

Bayan azahar ina zaune a tsakar gidan Gwaggo, bayana jingine da katangar da ta raba su da wurin injin. Mata na shigowa da sallama, a ce ya haƙuri, a amsa da godiya, a yi addu'a a shafa, a matsa a ba wasu wuri. Ina amsawa tare da kowa amma rabin hankalina yana bayan katanga. Wanda ya girma a gidan injin yana jin aikin ko bai gani ba. Ina jin shebur yana kankarar siminti, ina jin baro yana tafiya, ina jin ɗan gurnanin tururi a cikin bututu. Sai gurnanin ya tsaya, alamar an rufe famfo za a kwashe. Kafaɗuna suka ɗaga da kansu suna jiran ƙarar, yadda suka saba. Ba ta zo ba. Na ce alhamdu lillahi, Yaya ya iya wutarsa.

Aka zuba wata, aka buɗe, aka jima aka sake rufewa. Wannan karon na ɗaga kai na kalli sama. Hayaƙin da ke fita daga murhu ba na ƙaramar wuta ba ne, baƙi ne mai kauri, yana tashi a miƙe don ko iska babu. Na san dalili: shinkafar tana da yawa, yini ya yi nisa, ma'aikata suna so su gama su ma su zo gaisuwa. Wuta irin wannan, famfo a rufe, kuma shiru. Na fara lissafi a kaina, na daina, don lissafin ba ya kai ni ko'ina sai wuri ɗaya. Na ce wa kaina ƙila Yaya yana da wata dabara da ban sani ba. Na ce wa kaina ni dai matsoraciya ce, an sha faɗa mini. Tafin hannuna ya jiƙe har carbi yana zamewa. Wata mata a gefena ta miƙo mini ruwa a moɗa tana cewa in yi haƙuri, duk can za mu; ta ɗauka mutuwar ce ta taɓa ni. Ban taɓa jin tsoron ƙara kamar yadda na ji tsoron shirun nan ba. A wannan gefen katangar mata ne da yara maƙil, har da masu goyo, a ɗaya gefen kuma Yaya ne.

Na miƙe. Innarmu ta kamo gefen hijabina ta ce, "Ina za ki? Ba ki ga baƙi sun shigo za a yi addu'a ba?" Na ce mata yanzu zan dawo, na zame hijabin daga hannunta, na riƙa tsallake ƙafafun mutane ina ba da haƙuri. Na bi ta gidanmu na fita ta ƙofar baya da ke kaiwa wurin injin.

Zafin wurin ya doke ni a fuska. Ma'aikata biyu suna kwashe shinkafa daga tanki, Yaya yana gaban murhu da shebur ɗin buntu, rigarsa ta manne da bayansa. Ban kalle shi ba, sama na kalla. An naɗe hannun usur da waya irin wadda ake ɗaure shinge da ita, zagaye bayan zagaye, an ɗaure ta tamau a jikin bututun da ke ƙasa. An yi aikin da kyau, irin aikin Yaya. A gefen tukunyar kuma, daidai bakin tsohon facin nan, wani siririn tururi yana tsartuwa, abin da ban taɓa gani ba.

"Yaya, me ka yi?"

"Ke, rage murya, ana jin ki a waje," ya ce. "Na yau ne kawai, in an tashi zan kwance. Ai ina kallon agogo. Duba ki gani, ko ja bai kai ba."

Na matsa na kalli agogon. Allurar tana zaune inda ta saba zama, hankalinta kwance.

"Yaushe rabonka da ƙwanƙwasa shi?"

Na sa bayan yatsa na bugi gilashin. Allurar ta yi tsalle ta wuce jan layi, ta je ta jingina can inda lambobi suka ƙare.

Na ga dariyar ta fita daga fuskar Yaya. Ya daka wa ma'aikatan tsawa su fita, na bi su da cewa su je su yi sallama a gidan Gwaggo a janye mata daga jikin katanga. Ya ja dogon ƙarfe ya shiga janyo wuta daga murhu, buntu mai ci yana zubowa a ƙafafunsa. Amma bulon murhun ya riga ya yi ja, zai ci gaba da dafa tukunyar ko babu wuta. Ya ruga wajen famfo don ya saki tururin cikin tankin da aka kwashe, ya kama ya murɗa, ya sa ƙarfe ya danna da dukkan nauyinsa. Tururin da ke bayan famfon ya danne shi, ko motsi bai yi ba. Babu abin da ya rage sai wayar nan.

"Yanke ta," na ce.

Ya kalli usur, ya kalli katangar da ke wajen titi, inda muryar liman ke tashi, an fara addu'a. Na ga abin da ke ransa ƙarara, kuma da ina iyawa da na mare shi. Yana tsaye a gaban abin da zai iya tarwatsa shi, amma abin da yake gani shi ne fuskar Baba a gaban mutanen gari, ranar da aka binne amininsa.

"Je ki faɗa masa," ya ce. "In ya ce a yanke, sai in yanke."

"Ba lokaci, Yaya."

"To ki yi sauri mana."

A garinmu mace ba ta ratsa tabarmin maza a zaman makoki. In za ta wuce ma sai ta cire takalmi ta raɓa ta can gefe, kanta a ƙasa. Ni kuwa na fito daga lungu da gudu na shiga tsakiyarsu da takalmina, hannayensu duk a sama ana amin. Na taka gefen babbar rigar wani dattijo. Na ji amin ɗin tana raguwa layi bayan layi. Na durƙusa a gaban Baba ina haki.

"Uwata, lafiya?" ya ce a hankali, amma idonsa wani abu daban yake faɗa.

"Baba, an ɗaure usur. Da waya. Allura ta ƙure."

Ya kalle ni kamar da wani yare na yi magana. Sai na ga maganar ta isa inda za ta isa. Ya san tukunyarsa sarai, ya fi ni sanin shekarun facin nan. Ya miƙe bai nemi takalmi ba, ya ratsa mutane, ina biye da shi. Bai kai bakin lungu ba ƙarar ta tashi.

Ashe Yaya bai jira ba. Daga baya ya ce ina fita facin ya ƙara buɗewa, ya ji ƙarfen yana ƙas-ƙas, ya kuma ji muryoyin yara a bayan katanga ba a gama janye su ba, sai ya ɗauki filaya ya hau tsani.

Na san kukan usur tun ina goye, amma ban taɓa jin irin na ranar ba. Ya fara da tsawa kamar an fasa dutse, sannan ya haye ya zama siririyar ƙarar nan, ya ƙi sauka. Tattabarun gidan Baffa suka tashi gaba ɗaya. Dattawa suka miƙe tsaye da hannayensu a buɗe, wasu suka yi ta kansu. Ni da ke toshe kunne in an saki faranti, ranar nan da hannuwana a sake na shiga wurin. Tururin yana harbawa sama yana bugun rufi, kuma a daidai bakin bawul ɗin, inda hasken rana ya ratso ta wata ɓula, na ga 'yan gaɓoɓin nan suna ƙyalli suna rawa. Na yi shekaru ina leƙensu. Ranar da na gan su ko a jikina, Yaya nake nema.

Yana can saman tsani, kansa bai fi kamu ɗaya daga bakin usur ba. Wayar ba ta gama yankuwa ba, saura zagayen ƙasa da filaya ba ta kaiwa, don haka ya ɗaga hannun bawul ɗin ya riƙe kada ya koma ya rufe. Haka ya tsaya, fuskarsa a murtuke, idonsa a kan agogo, har allura ta sauko ƙasa da ja. Baba yana ƙasa yana ɗaga masa hannu yana kiran sunansa, ba mai jin wani.

Da ƙarar ta mutu, shirun da ya biyo baya sai da ya yi mini nauyi a kunne. Yaya ya sauko a hankali, fatar damtsensa na hagu ta saɓule, yana wata 'yar dariya marar daɗi. Baba ya kama kafaɗunsa.

"Ni na ce ka ɗaure shi? Cewa na yi kada in ji shi, ban ce ka kashe kanka ba."

Yaya ya zuba wa bakin Baba ido. Sai ya juya kansa ya kawo kunnen dama.

"Na'am, Baba?"

A lokacin na ga siririn jini yana gangarowa daga kunnensa na hagu zuwa wuyan rigarsa. Baba bai maimaita ba, kuma ban ƙara jin ya faɗi maganar ba har yau.

A adaidaita sahu muka kai shi asibiti a Kura, ta hanyar bakin kanal, Baba riƙe da hannunsa mai lafiya, ƙafarsa har lokacin ba takalmi. Daga can aka tura mu Kano. Shinkafar da ta rage a tankuna kuwa, matan suka zo da kwanduna suka kwashe, kowacce ta turara tata a gida a kan itace, yadda iyayenmu ke yi kafin a kawo boila. Ko ƙwaya ba ta lalace ba. Da na ji haka sai da na shiga ɗaki na yi kuka, don da safe ba wanda ya tuna ana iya yin hakan.

Ƙunar ta warke ta bar tabo. Fatar cikin kunnen da ta fashe ma ta haɗe, amma likita ya ce abin da ya lalace can ciki ba ya dawowa. Jin kunnen hagu ya tafi, na dama ya ragu, kuma akwai wata 'yar ƙara da ke zaune a kansa ba ta ɗagawa. Yaya ya ce usur ne ya tare a ciki da kayansa.

Da muka dawo na je ba Gwaggo haƙuri, a kan ƙarar da kuma takalmina, don labarin ya riga ya zaga gari. Ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita.

"Haƙurin me, 'yar nan? Ni da ya yi kukan nan, wallahi sai da na juya wajen tabarmarsa, ina jira in ji ya ce an sauke tukunya." Ta share ido da gefen mayafi. "Da kun bar shi ya yi kukansa tun safe, shi mai gidan ba zai ce komai ba."

Ban kai wa Baba wannan maganar ba.

Ba a jima ba Baba ya kira mai walda, ya fito da zanena daga aljihun wata tsohuwar riga, ashe bai yar ba. Aka canza agogo, aka sake facin, aka ɗora bututun. Ya yi aiki fiye da yadda na zata. Yanzu in usur ya buɗe, wani ɗan huci ne kawai a saman rufi, kaji ma ba sa ɗaga kai. Maƙwabta suka yi ta sa mini albarka, Innarmu ta ce karatun boko ya yi rana. Ni kuwa barcin rana ya gagare ni a gidan. Da, ina kwance a ɗaki zan san tukunya tana numfashi. Yanzu shirun lafiya da shirun da ba na lafiya ba duk ɗaya suke a kunne.

Yaya har yanzu shi ke gaban murhu. Baba ya so ya mayar da shi wajen shanya, ya ƙi, karo na farko da na ji ya ce masa a'a. Yadda murhun yake, kunnensa na hagu ne ke fuskantar tukunya, don haka ko hucin ba ya ji. Sai dai ya fita fili ya ɗaga kai ya ga farin tururi a saman rufi.

Ina aiki a Kano yanzu, a ofishin da ba abin da ke ƙara sai fanka. In jirgin yaƙi ya wuce ta saman birni abokan aikina sukan yi tsaki, ni sai in ji hannuna ya shiga jaka yana neman wayata. Lokacin girbi kuwa ba na bari la'asar ta wuce ban kira Yaya ba. Yakan daɗe bai ɗauka ba, kuma a wannan ɗan lokacin babu abin da ba na saƙawa a raina. In ya ɗauka sai in ji yana mayar da wayar kunnen dama.

"Injiniya, jirginmu bai tashi ba tukuna."

"Yaya, ya buɗe yau?"

"Na'am?"

"Usur. Ya buɗe?"

"Tsaya in duba, yanzu muka rufe famfo."

Sai in ji takunsa a kan siminti, in ji ƙofar kwano, in ji numfashinsa yana kallon sama. Ba na zama, ba na ajiye abin da ke hannuna. Wani lokaci ba ya daɗewa, wani lokaci har sai na fara salati ƙasa-ƙasa, abokiyar aikina ta juyo tana kallona. Sannan ya ce, "Ga shi nan yana fita," da ƙarfi, yadda masu ciwon kunne ke magana, ni kuma in ce to, a gaida Baba.